Jigo, Fangali da Juji: Abin da Tarihin Lambu Ke Faɗa wa Mai Shuka a Bayan Gida

Duk wanda ya taɓa gwada ɗan lambu a bayan gida, a Kano ne ko Zariya ko Maraɗi, ya san irin kukan da ake yi. An dasa tumatir, ya yi ganye shar, ya yi fure, sai furen ya kakkaɓe bai ɗaura ɗa ko ɗaya ba. An yi ban-ruwa da safe, kafin azahar ƙasa ta bushe ƙayau. An kwaso kashin kaji an zuba don a taimaki shuka, kwana biyu ta ƙone. Ɗan abin da ya tsira kuma, akuyar maƙwabta ta leƙo ta gama da shi. Daga nan mutum yakan yanke ɗaya daga cikin hukunci biyu: ko ya ce shi hannunsa ba ya karɓar shuka, ko ya ce ƙasar nan da ranarta ba na lambu ba ne. Tarihi bai goyi bayan ko ɗaya ba. Ƙasar Hausa ta shekara ɗaruruwa tana lambu a ƙarƙashin wannan ranar dai, a kan wannan jigawar dai, kusa da waɗannan awakin dai. A ganina, matsalolin da ke karya gwiwar ɗan koyo a yau su ne ainihin waɗanda magabata suka daɗe da yi wa magani, kuma maganin nasu tsari ne guda da ya ɗaure lokacin shuka da tattalin ruwa da sharar gari da shinge wuri ɗaya. Tsarin nan ne ya kwance a zamaninmu, kuma wanda bai san yadda aka ɗaura shi ba zai yi ta sayen iri yana binnewa.

A watan Janairun 1824 wani Baturen Birtaniya, Hugh Clapperton, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdullahi, ya shiga Kano. Cikin abubuwan da ya rubuta har da cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ganuwa ta kewaye ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. A 1851 Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya tarar da abin bai sauya ba: gidaje a dunƙule a sashe ɗaya, sauran fili a buɗe. Ba kuskuren awo magina suka yi ba. Tun daga Sarki Gijimasu, wanda aka ce shi ya fara ganuwar wajen ƙarni na 12, har zuwa Muhammadu Rumfa da ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, da gangan ake kewaye ƙasar noma, domin garin da abokan gaba suka yi wa zobe ya samu abin sawa a baka. Haka Katsina take, haka Zariya. A tsakiyar Kano kuma ga Jakara, dausayin da ya raba birnin biyu, ga kududdufan da aka haƙa garin ɗibar ƙasar gini, waɗanda ke riƙe ruwan damina har cikin rani. Garin da ya gina kansa da laka ya samu tafkunansa a matsayin ribar ƙafa, masu shuka kuma ba su bar wannan ruwa ya tafi a banza ba.

Akwai shaidar da ta fi ta matafiya ƙarfi, domin daga baitulmali ta fito. A masarautar Kano ta ƙarni na 19, bayan kuɗin ƙasa da manomi ke biya, akwai kuɗin karofi na marina, akwai kuɗin shuka a kan wasu amfanin gona na musamman, akwai kuma kuɗin rafi a kan abin da aka noma da ban-ruwa, irin su albasa da alkama. Hukuma ba ta yanka haraji a kan abin da ba ya kawo kuɗi. Girkin birni ma shaida ne: alkaki da funkaso da taliya duk na alkama ne, alkama kuwa ba ta yi a daminarmu, sai da sanyin hunturu da ruwan da aka ɗebo aka ba ta. Amma lambun bakin rafi ba shi kaɗai ne ba, domin noman da hawa-hawa ne. Akwai gandu na hatsin gida, akwai gayauna ta ɗa ko ta mata, akwai garka, ɗan fili mai shinge kusa da gida inda ake sa rogo da dankali da barkono. Sannan akwai na cikin gida, wanda matan kulle ke riƙe da shi: zogale a kusurwa, lalle a jikin danga, kabewa da soso sun hau rufin ɗaki, 'yan tushen rama da yakuwa da kuɓewa a bakin makwarara inda ruwan alwala da na wanke-wanke ke bi. Wannan na ƙarshen shi ne kakan lambun bayan gida na yau, shi ne kuma wanda marubuta tarihi suka fi tsallakewa, saboda ba a yanka masa haraji ba, baƙo namiji kuma bai shiga ya gan shi ba.

Mai lambun da ya gaji sana'ar ba ya jayayya da yanayi. Albasa da alkama, da waɗanda suka biyo daga baya irin su tumatir da latas da kabeji da karas, kayan sanyi ne. Ana zuba irin waɗanda ake dasawa a wurin reno da ƙarshen damina, wajen Satumba zuwa Oktoba, a yi dashe da shigowar hunturu, shuka ta yi ƙarfinta cikin Disamba da Janairu, a kwashe kafin zafin bazara ya kankama. Ilimin zamani ya zo ya bayyana dalilin: idan zafin rana ya kai digiri 35, dare kuma bai huce ba, garin furen tumatir yakan lalace, furen ya faɗi. Ke nan wanda ya yi dashe a Maris, ya ga fure na zuba a Afrilu, ƙarin taki ko feshi ba za su yi masa komai ba. Watan ne bai dace ba. Tsakiyar damina ma ba ta fi masa ba, domin laima kan kawo cututtukan ganye da ruɓa. Damina ta kuɓewa ce da rama da yakuwa da alayyafo da lalo da kabewa, masu son zafi da ruwa. Abin da ke rikita 'yan koyo a yau shi ne yawancin shawarar da suke gani a waya an tsara ta ne don Turai da Amurka, inda sanyi ne maƙiyin shuka, ana jira ya wuce a fara aiki. A nan kuwa sanyin ne ake jira ya zo.

A tsaya a dubi jigo, don wanda bai taɓa gani ba, tunda ya kusa ɓacewa. Ana kafa gwafanni biyu a bakin rafi ko rijiya marar zurfi, a gicciya itace a kansu, a ɗaura doguwar sanda a kan giccen yadda za ta riƙa lilo. A gindin sandar ana manna curin laka mai nauyi, a bakinta kuma igiya da guga ko babbar ƙwarya. Mai lambu ya tsaya a bakin ruwa, ya ja igiyar ƙasa har gugan ya nutse, ya sassauta hannu, nauyin lakar ya ɗago masa ruwan, ya juye a bakin magudana, ya sake. Ruwan ya bi 'yar magudanar ya isa filin da aka yanka fangali-fangali, kowanne bai fi taku biyu ba, cikinsa a lotse, gefensa da 'yar kunya. Yaro na tsaye da fartanya. Ya fasa bakin fangali ɗaya, ruwa ya shiga ya kwanta, ya toshe da laka, ya fasa na gaba. Babu ɗigon da ke zuwa inda ba a aike shi ba, don wanda ya ɗebi ruwansa guga-guga da ƙarfin kafaɗa ba sai an yi masa wa'azin tattali ba. Hikimar tana cikin lotsewar nan. Ƙasa mai rairayi ba ta riƙe ruwa, iskar hunturu kuma tana busar da duk abin da ya ɗago kai. Fangalin da ya lotsa yana tara ruwa a gindin shuka, ya ba shi lokaci ya sauka har saiwa, kunyar gefe ta rage bugun iska. Littattafan ƙasashen sanyi suna koyar da akasin haka, a tula ƙasa a yi tudu don ruwa ya tsiyaye, kuma gaskiyarsu ce a can. A nan ma manomin damina a kan kunya yake shuka saboda wannan dalili. Amma wanda ya yi tudu da rani a Katsina, ya riƙa yayyafa masa ruwa sama-sama sau uku a rana, saiwa za ta tsaya a sama tana jiran yayyafi, ranar da aka manta ta mutu. Ban-ruwan da ba shi da ƙa'ida, yau ambaliya gobe ƙishi, shi ne kuma ke sa gindin tumatir ya yi baƙi ya ruɓe, abin da mutane da yawa ke ɗauka cuta ce su ruga sayen magani. A ƙosar da fangali da sassafe ko da yamma, a lulluɓe shi da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa, ya fi yayyafi goma.

Ƙasar da ke kewaye da Kano ba ta da wani ƙarfi na musamman, amma an daɗe ana noma ta kowace shekara ba hutu, tana ɗauke da cunkoson jama'ar da ba kasafai ake samun irinsa a karkarar Afirka ba. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin yankin tun shekarun 1960, da Polly Hill, wadda ta yi aiki a Ɓatagarawa kusa da Katsina sannan a Ɗorayi, sun nuna inda sirrin yake, wato taki. A wancan zamanin, da rani jakuna kan shigo birni da itacen girki, su koma ƙauye da mangala cike da abin da aka kwaso daga juji da turken dabbobi: toka, kashin awaki da na tumaki, sharar tsakar gida, ɓawo da ƙaiƙayi. A jibge shi tsibi-tsibi a gona, rana ta dafa shi, gara ta yi aikinta, ruwa ya sauka a baje a haɗa da ƙasa. Birni ya ci abin da ƙauye ya noma, ya mayar masa da saura. Abin lura ga mai lambun gida shi ne ba ɗanyen taki ake kai wa shuka ba. Kashin kajin da aka kwaso yau daga keji yana da zafin da ke ƙona saiwa. Sai ya yi wata biyu ko uku a tsibi, ana yayyafa masa ruwa ana juyawa, har warin ya tafi ya koma baƙi. Toka ma barbaɗawa ake yi, ba a jibgawa. Takin zamani yana ba shuka abinci, babu musu, amma ba ya koya wa rairayi riƙe ruwa. Wannan aikin ruɓaɓɓen taki ne.

Maganar akuya kuwa tsohuwar yarjejeniya ce. Da damina ana ɗaure dabbobi a turke ana kawo musu ciyawa. Da an kwashe amfani sai a sake su su yi kiwo inda suka ga dama. Duk mai son ganin kore da rani, shi ke da alhakin karewa, shi ya sa ba a raba garka da shinge, dangar kara ce, ko ƙaya, ko aguwa da cin-da-zugu waɗanda dabba ba ta ci. Shinge ake fara yi kafin a zuba iri. Ƙwari kuma ba a taɓa gamawa da su ba, ƙarfinsu ake ragewa: ba a cika fili da abu ɗaya, ba a maimaita abu ɗaya a fangali ɗaya shekara da shekaru. Tumatir da tattasai da attaruhu da gauta dangi ɗaya ne, cutar ƙasa ɗaya ke kama su, musamman 'yar tsutsar da ke sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle. Wanda ya cire ɗaya ya maye shi da ɗan'uwansa bai sauya komai ba. Abin da ya yi yawa kuma ba a bari ya ruɓe. Kuɓewa a yanka a shanya, tumatir ya zama kauɗa, lawashi ya zama gabu.

Wani zai ce, wace gargajiya ake magana, alhali rabin abin da ke cikin lambun baƙo ne? Gaskiya ne. Tumatir da barkono da rogo da gwanda da masara da kabewa duk daga nahiyar Amurka suka fito bayan ƙarni na 15. Zogale da mangwaro da darbejiya daga yankin Indiya, darbejiyar ma sai zamanin Turawa ta yaɗu a Arewa. Kakanninmu na nesa sun yi miya babu tumatir. Sai dai wannan ƙorafi ƙarfafa magana yake yi. Tsirrai sun yi ta zuwa suna tafiya, abin da ya dawwama shi ne hanyar gwada su. Kowane baƙo da ya zo an jarraba shi a fangali, an nemo masa watan da yake so, wanda ya jure ya zauna. Albasa ta zauna har ta zama 'yar gida: ta Galmi a jihar Tawa, mai launin shunayya, ita ce ake lodawa zuwa Gana da Kwaddebuwa, ta Aliero a jihar Kebbi kuma ta cika kasuwannin kudancin Najeriya. Ba wanda ya ce ɗan koyo ya guji sabon iri. Ya dai yi masa tambayar da magabata ke yi: an taɓa ganin ka yi a ƙasar nan, kuma a wane wata? Ya kuma sani cewa iri mai aure da ake sayarwa a 'yar fakiti yakan yi kyau a shukar farko, amma in aka ajiye 'ya'yansa aka sake shukawa ba sa biyo uwar. Mai son ya riƙa ajiye irinsa, sai ya nemi na gida wurin masu lambu.

Ƙorafin da ya fi wannan nauyi shi ne cewa jigo wahala ne, ɗan filin da yake iya shayarwa bai taka kara ya karya ba, kuma mai yabonsa bai taɓa wuni yana jan sa ba. Wannan ma gaskiya ne, ba na kuma fatan kowa ya koma masa. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, daidai lokacin da farin 1972 zuwa 1974 ya nuna wa kowa cewa damina kaɗai ba abin dogaro ba ce, ruwanta ya buɗe filayen Kadawa da Kura da Bunkure. Ta Bakolori ta biyo a 1978, da tsadar da ba a manta ba, domin a Afrilun 1980 an kashe manoma da dama da suka tashi neman diyyar gonakinsu. A shekarun 1980 hukumomin bunƙasa noma na jihohi, irin su KNARDA a Kano, suka yaɗa ƙananan injinan ban-ruwa da 'yan rijiyoyin burtsatse marasa zurfi, shirin Fadama na Bankin Duniya ya ɗora a kai daga farkon shekarun 1990. A Nijar, bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kountché ta mai da noman rani aikin ƙasa baki ɗaya. Sakamakon ba ya ɓoyuwa: manyan motoci maƙare da kwandunan tumatir daga Kwanar Gafan zuwa Legas, da dubban magidanta da ke samun abin yi a gida maimakon tafiya cin-rani. Inji ya ɗauke wa kafaɗa nauyi, kuma ba ƙaramar rahama ba ce.

Amma matsalar ɗaga ruwa kawai inji ya magance, ya kuma zo da tasa. Da ruwa ya yi araha sai tattali ya ragu. Da kasuwa ta buɗe sai fadama guda ta koma tumatir zalla daga wannan gefe zuwa wancan, shekara bayan shekara. Madatsar Tiga ta kuma rage ambaliyar da dausayin Haɗeja da Nguru ke rayuwa a kanta. A 2016 aka ga abin da noman abu ɗaya ke jawowa. Wata 'yar tsutsa mai haƙa cikin ganye, Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa suna sharon, ta taso daga Kudancin Amurka, ta shiga Sifaniya a 2006, ta tsallako Afirka, ta iske dubban kadada na abincinta a shimfiɗe. Gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu, masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa, wadda ba ta daɗe da buɗewa ba, ta tsaya don rashin abin sarrafawa, farashin kwando ya ninka sau da yawa. Manoma suka yi ta feshi, tsutsar na cikin ganye inda magani ba ya kai mata sosai, ga ta da saurin sabawa da shi. Mai fangali huɗu a bayan gida ba shi da dalilin kwaikwayon wannan hanya. Shi yana iya duba ganyensa kowace safiya, ya tsinke wanda ya kamu ya ƙona, ya jiƙa dakakkun 'ya'yan darbejiya ya tace ya fesa da yamma, ya raba tumatirinsa da layin albasa. Ƙanƙantar lambunsa ita ce ƙarfinsa, kuma a fili irin nasa dabarun zamanin jigo sun fi na Kadawa dacewa.

To, in tsarin yana da kyau haka, me ya kwance shi? Birni ne ya cinye filinsa. Gonakin da Clapperton ya gani a cikin ganuwa sun zama unguwanni. Kududdufai da yawa an cike su da shara an yanka filoti, shi ya sa ruwan da a da yake samun masauki yanzu yake shiga ɗakunan mutane. Tsakar gida ta sha siminti, makwarara ta koma bututun da ke kai ruwan alwala kwata kai tsaye. Juji ma ya sauya hali, domin tun da leda ta mamaye kasuwa, sharar gari ta cika da roba da fasassun kwalabe da matattun batura. Jakara ta ɗauki dattin birni, rafin Getsi ya kawo mata na masana'antun Bompai, na Sharaɗa da Challawa suka nufi kogin Challawa, kuma binciken masana, ciki har da na Jami'ar Bayero, ya sha nuna ƙarafa masu guba irin su dalma da kuromiyom a ruwan da wasu ke shayar da latas da alayyafo da shi. Ruwa ba ya tsami banza. A nan ne za a ce hanyar da ake yabo ta koma hanyar cuta, kuma duk wanda ya ga launin ruwan Getsi ba zai raina wannan magana ba. Amsar ita ce a raba ƙa'ida da kayan aiki. Ƙa'idar ita ce abin da gida ya zubar ya koma ƙasa, ba ta ce a kwaso kowace irin shara ba, kuma mai lambun gida ne ya fi kowa ikon cika ta da tsabta, don shi ya san abin da ya shiga jujinsa. Ɓawon kayan miya, ganyen da ya faɗo, tokar murhu, kashin 'yan tumakin da ake kiwo don layya, ruwan alwala da na wankin shinkafa, duk nasa ne. Ruwan kwata da mai omo ne bai kamata su kusanci abin da za a ci ɗanye ba. Inda siminti ya rufe ƙasa, buhu ko tsohon bokitin da aka huda gindinsa ya ishi alayyafo da attaruhu, sai dai ƙasar cikin buhu ta fi saurin zafi da bushewa, don haka a ajiye shi inda ranar yamma ba ta dukansa.

Gwamnatoci sun sha kiran mutane su koma lambun gida. Mafi shahara shi ne shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Obasanjo a 1976, wanda ya nemi ma'aikata da makarantu su noma duk wani fili da ke kusa da su, aka rarraba iri da taki mai rahusa. A 1980 gwamnatin Shagari ta maye gurbinsa da nata shirin, ƙasar kuma ta ci gaba da shigo da abinci. Dalilan suna da yawa, kuɗin man fetur na kan gaba, amma akwai ɗaya da ya shafi zancenmu. An ɗauka iri da taki mutane suka rasa, alhali abin da ya fi ƙaranci a hannun ma'aikacin ofis shi ne sanin wata da sanin ruwa. Wannan sanin yana nan a lokacin, a bakin rafi, wurin mutanen da ba a ɗauke su malamai ba saboda ba su da takarda. Har yau kuskuren nan ake maimaitawa duk sanda tsadar kayan miya ta sa aka tuna da bayan gida.

Saura mai cewa duk wahalar banza ce, tunda fangali huɗu ba sa ciyar da gida, kasuwar 'Yankaba kuma tana nan. Lambun cikin gida bai taɓa ɗaukar alkawarin ciyar da gida ba. Tuwo daga gandu yake fitowa. Aikinsa miya ne, kuma a miya ne talaka ke samun abin gina jiki da hatsi ba ya bayarwa. Farashin tumatir yakan faɗi warwas lokacin ɗibar na rani, ya yi tashin gwauron zabo daga Mayu zuwa Yuli, sa'ad da na rani ya ƙare na damina bai zo ba. Gidan da ke da zogale biyu da 'yar rama da kauɗar da aka shanya lokacin araha ba ya jin wannan gibi yadda maƙwabcinsa ke ji. Zogale guda da aka riƙa sare kansa don ya yi rassa yana ba da ganye kusan duk shekara da ɗan ruwa kaɗan, kwaɗonsa kuma ya daɗe yana zama jarin matar da ba ta fita. Akwai kuma abin da kasuwa ba ta sayarwa, wato tabbacin cewa ba jiya aka fesa wa ganyen nan magani ba, kuma ba ruwan kwata ya sha ba.

Tsofaffin da suka ja jigo da hannunsu suna raguwa, kuma kaɗan ne daga abin da suka sani aka rubuta da Hausa. Makarantun aikin gona da gidajen rediyon da ke da shirin manoma suna da aiki a nan, su je bakin rafi su ɗauki maganarsu tun suna da rai. Kai kuwa mai niyyar lambu a bayan gida, kafin ka sayi iri ka je fadamar da ta fi kusa da kai, ka gai da mai lambun da ka tarar, ka tambaye shi wane iri yake zubawa, kuma yaushe. Ka fara tara takinka tun cikin damina, ka kafa shinge kafin a saki dabbobi. In tumatir kake so, ka zuba iri a Oktoba.